Waken Minti Biyar na Don Eloy

A duk faɗin kwarin Ojo Seco da ke Amurka babu wanda ya yi wa ɗan Adam hidima irin Don Eloy Sisneros. Shi da kansa ya faɗa, kuma ai ya fi kowa sanin kansa. Kafin Allah ya turo shi, matan garin sukan zauna da yamma su tsince wake, su jiƙa shi ya kwana, su ɗora tukunyar ƙasa tun da sassafe, su yi ta dubawa har rana ta take. Shekara ɗari uku ana haka. Ana ci, ana ƙoshi, ana suɗe kwano, ba wanda ya san ashe azaba ake sha. Sai da Don Eloy ya zo ya sanar da su.

Maganin da ya kawo yana cikin wata 'yar leda ja. Wake ne mai roɗi-roɗi da aka dafa, aka dame, aka busar har ya koma kamar dusa. Ka zuba tafasasshen ruwa, ka rufe, ka jira minti biyar, ka ci. Don Eloy yakan ce shekara bakwai ya yi yana bincike kafin ya gano wannan sirri. Bai yi ƙarya ba. Shekara bakwai ya ɗauka kafin ya gano lambar wayar masana'antar da ke sayar da dusar buhu-buhu, can a wata jiha. Motarsu ta ƙofar baya take zuwa. Nasa aikin shi ne ya ɓare takardar buhun, ya zuba garin barkono da tafarnuwa da gishiri, ya juya da shebur, ya ɗura a leda mai hotonsa. Hoton ya cinye rabin ledar: malafa, gashin baki, ɗan yatsa a sama kamar mai wa'azi. A ƙasa an rubuta Waken Don Eloy Mai Wuta. Bayanin yadda ake dafawa kuwa, sai da tabarau.

A gabansa ana ce masa Don Eloy. A bayansa, Minti Biyar. Kamfanin yana cikin tsohuwar rumfar da surukinsa ke ajiye tuffa, ma'aikatansa huɗu idan aka lissafa da kare, amma katin da yake rabawa a wurin biki da wurin makoki ya ce shi ne Shugaba, Babban Darakta, kuma Wanda Ya Assasa.

Gidan Ofelia Tafoya yana kallon rumfar, titi ne kawai a tsakani. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da kimiyya a sakandaren gunduma, ta saba ba ta faɗin abin da ba ta auna ba. Don Eloy ta auna shi tuntuni, sai dai ba ta da ikon faɗin sakamakon. Abokin marigayi mijinta ne, shi ya riƙe ɗansu Fermin ranar baftisma. Tun daga ranar ya zama kompadre, ita ta zama komadre, Fermin ya taso yana kiransa Nino, kuma a Ojo Seco wanda ya riƙe maka ɗa a gaban Fada ba a ɗaga masa murya, ba a ce masa a'a a fuskarsa. Ana iya gudunsa. Amma gidanta ƙofa ɗaya gare shi, ƙofar kuma tana kallon rumfar.

Talata ta biyu a watan Satumba tana nan a kanta awa-awa.

Ƙarfe shida da rabi Fermin ya tashi. Shekararsa talatin da biyu, yana aiki da masu kashe gobarar daji, an ba shi hutun kwana biyu. Ya gyara ƙyauren lambu da ya yi wata uku yana ƙara. Ƙarfe bakwai Don Eloy ya fito ya ɗaga tutar kamfani, ya cire malafa, ya tsaya ƙiƙam yana girmama hoton kansa.

Takwas da kwata suka karya kumallo: ƙwai, jan barkono, gurasar tortiya mai zafi, da sauran waken jiya na tukunyar ƙasa da ta soya da kitse. Fermin ya ci kwano biyu, ya goge na biyun da tortiya har ya yi ƙyalli.

Ƙarfe goma Don Eloy ya fara gwajin tallar rediyo a filin rumfa, da lasifika, don kada a ce ya ɓoye wa maƙwabta alheri. "Uwargida, me ya haɗa ki da tukunya? Zamani ya wuce ki! Minti biyar!" Sau goma sha ɗaya. Ofelia ta ƙirga. Fermin yana kan rufi yana lulluɓe na'urar sanyaya ɗaki saboda sanyi ya kusa, yana kwaikwayon muryar ƙasa-ƙasa, ita kuma tana ce masa ya bari kada dariya ta kayar da shi.

Daga biyu zuwa uku da rabi ya yi barci a doguwar kujera, takalmi a ƙafa. Ta yi niyyar tashinsa ya cire. Ta fasa.

Ƙarfe huɗu Don Eloy ya tsallako titi da kwali a kafaɗa, kamar yadda ya saba duk lokacin da Fermin ya zo hutu.

"Ɗana! Ga abincin jarumai. Ka raba wa abokan aikinka, ka gaya musu daga hannun wa ya fito."

"Sun sani, Nino. Ai hotonka yana jiki."

"Yaya suke ji da shi?"

"Babu ranar da ba mu buɗe leda. Shugabarmu ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba."

Don Eloy ya juyo yana shafa gashin baki. "Kin ji ko, komadre? Gwamnati ce ke magana ta bakin yaron nan."

"Na ji, kompadre," in ji ta. Ta lura Fermin ya duƙufa yana duban igiyar takalminsa, amma ba ta tambaya ba.

Shida suka ci abincin yamma. Takwas ya haɗa jakarsa. Washegari, shida saura minti goma, ya sumbaci goshinta ya tada mota. Bakwai saura minti ashirin, a kwanar da ke bayan gada, wata baƙar saniya ta fito kan titi. 'Yan sanda sun ce bai sha wahala ba. Ta tambaye su yadda aka yi suka sani. Likita ya yi mata bayani. Ta yarda da rabinsa.

Babu wanda mutuwar ta girgiza kamar Don Eloy. Wannan ma shi ya faɗa. Ya shigo gidan yana kuka da irin muryar da yake tallar rediyo, har sai da uwar mamacin ta tashi ta kawo masa ruwa ta ba shi kujerarta.

"Komadre, ni aka yi wa rashi. Ke haihuwarsa kika yi, ni kuwa riƙe shi na yi." Ya fyace hanci. Ya dubi matan da suka cika falo. "Kada kowa ya ɗora tukunya. Kamfani ya ɗauki nauyin abincin jana'iza."

Abincin bayan jana'iza a Ojo Seco na matan coci ne, shugabarsu kuwa Donya Chole Lucero, 'yar shekara saba'in da tara, wadda ta ciyar da makokin rabin mutanen da ke kwance a maƙabartar garin. Ta ajiye kofinta.

"Wane kamfani? Kai da karen?"

"Mutum ɗari biyu, Donya Chole, a minti biyar. Ku kwana biyu kuke ɓatawa."

"Eloy, na san ka tun kana jiƙa katifa. Yaron nan da waken hannuna aka yi bikin baftismarsa. Ba za a raka shi da dusa ba."

"Komadre ce za ta yanke."

Duka suka dubi Ofelia. A'a tana bisa harshenta, ta ji ɗanɗanonta. Amma kompadre ne, a cikin gidanta, a gaban mutane.

"Yadda ka ga ya dace, kompadre."

Donya Chole ta ɗauki jakarta ta fita. Da yammar nan mata tara suka taru a kicin ɗinta, labule a sauke, suna tsince wake kamar masu haɗa abin da hukuma ta hana.

Ranar jana'iza, da aka dawo daga maƙabarta, jama'a suka tarar an ƙawata zauren coci. Hoton Fermin yana bango, girmansa kamar tafin hannu. Kusa da shi hoton Don Eloy, girmansa kamar ƙofa. Mai babban hoton ya hau dandamali da farin gaban riga da doguwar hular kuku, agogon auna gudu rataye a wuya. Jawabin gabatar da abincin minti biyar ya ɗauki minti arba'in.

"Jama'ar Ojo Seco! Yaron nan a fagen fama ya faɗi. Ina ganinsa yanzu da idon zuci. Wuta gaba, wuta baya, itatuwa suna zubewa, shi kuwa yana tsaye. A aljihunsa na hagu, daidai saitin zuciya, me kuke tsammani? Ledar Waken Don Eloy!"

"Saniya ce fa," in ji tsoho Procopio daga teburin baya. Kurma ne, yana ganin raɗa ya yi.

"Wuta iri-iri ce, Don Procopio," in ji mai jawabi, ya ci gaba da tarihin kamfani.

Sai aka zo girki. Nan ne aka gane wani abu da matarsa kaɗai ta sani: Shugaba, Babban Darakta, kuma Wanda Ya Assasa bai taɓa dafa ko leda ɗaya da hannunsa ba. A gidansa ma waken tukunya ake ci, da tagogi a rufe. Ya juye buhu guda cikin ƙatuwar tukunya, ya ninka barkonon saboda na jarumi ne, ya buɗe tankin ruwan kofi ya kwarara. Ruwan da ɗuminsa, amma rabonsa da tafasa tun safe. Ya rufe, ya danna agogo, ya ɗaga ɗan yatsa kamar a hoto. Mutum ɗari biyu suka zuba masa ido.

Da minti biyar ta cika ya buɗe. Sama ƙura, ƙasa laka. Ya soka ludayi zai juya, ludayin ya tsaya cak. Ya ja da hannu biyu, mariƙin ya biyo shi, bakin ya zauna a ciki. A ƙarshe da wuƙa aka raba, yanka-yanka, kamar tubali.

Ba a mayar da abincin makoki. Kowa ya karɓa, ya gode, ya kai cokali baki. Aka fara taunawa. Sai tari ya tashi daga gefen maza, ya bi teburi-teburi. Idanu suka kawo ruwa. Wani ƙaton makiyayi da bai yi kuka a bakin kabari ba ya kifa kai yana sheshsheƙa. Fada ya sha ruwa kofi uku, ya nemi na huɗu da hannu saboda murya ta tafi. Don Eloy ya dubi jama'a, ya ga jawabinsa ya ratsa su.

"Ku yi kuka, 'yan'uwa, ku yi. Ni ma na yi."

Daga nan mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bayan gida zai zaga. Ba a taɓa jana'izar da mutum ɗari biyu suka matsu a lokaci guda ba. Ƙofar baya tana buɗewa kan filin ajiye motoci, inda Donya Chole ta tsaya a bayan akori-kurar jikarta da tukwane huɗu suna tururi.

"Ku bi layi, marasa kunya. Ɗazu wa ya tafa masa? Procopio, miƙo kwanonka, kai kaɗai ka faɗi gaskiya yau."

Ofelia ba ta tashi ba. Ita ta ce yadda ka ga ya dace, don haka ta zauna ta cinye yankanta duka, cokali bayan cokali, ba ta sha ruwa ba. Donya Chole ta kawo mata kwano a ƙarƙashin mayafi ta ajiye a cinyarta. Ta ji ƙamshin, irin na safiyar Talata. Ta kasa taɓawa.

Don Eloy ya leƙa zauren ya ga ba kowa, faranti duk wayam. Bai leƙa tukwanen furanni ba. Ya shaida wa matarsa cewa ba a bar ko loma ba.

Ranar da aka gama addu'ar kwana tara ya tsallako titi da jakar takardu. Ya zauna a doguwar kujerar da Fermin ya yi barci, ya fito da wata sabuwar leda ya ɗora a tebur da hannu biyu.

Fermin ne a jiki, da hular aiki, yana murmushi. An ɗauko hoton daga takardar jana'iza. An liƙa Don Eloy a bayansa, hannu a kafaɗarsa, ya fi shi tsawo da kai guda, abin da bai taɓa faruwa a duniya ba. A sama: Waken Jarumi Fermin. A ƙasa, da jan rubutu: Abincinsa Na Ƙarshe.

"Daga nan har Texas, komadre. Kowane kanti. Sunansa ba zai mutu ba muddin kamfani yana raye. Lauya ya ce dole sai uwa ta sa hannu. Ga wurin, na yi miki alama."

Ta ɗauki ledar. Ta ga 'yar tsagar da ake kamawa a yage. Layin yagewar ya ratsa ta goshin ɗanta. Ta hango shi jere a kanta tsakanin sabulu da abincin kyanwa, ta hango hannun mutanen da ba su san shi ba suna yage shi suna jefawa a kwandon shara.

"Abincinsa na ƙarshe ni na dafa, kompadre."

"Komadre, komadre. Wannan harshen kasuwa ne, ba na aji ba. Ke malama ce, ba za ki gane ba." Ya cire murfin alƙalami ya miƙo.

Ta dubi alƙalamin. Idan ta ce a'a, gobe duk kwarin zai ji cewa matar marigayi Tafoya ta kunyata mutumin da ya riƙe mata ɗa, kwana tara da binne ɗan. Idan ta sa hannu, an gama.

"Ranar Asabar shugabar su Fermin za ta kawo kayansa daga sansani. Bari in ga kayan ɗana tukuna."

Don Eloy ya ji an ce Asabar, ya ji an ce shugaba, sai ya ji an ce biki. Ya mayar da murfin alƙalami cikin farin ciki.

Asabar ƙarfe goma ya iso da sabuwar malafa, da takardar, da Gilbert Ulibarri na jaridar mako ta gunduma, wani mai sanƙo da Ofelia ta taɓa koyarwa. Gilbert ya cire hula ya gaishe ta yana kallon ƙasa kamar wanda bai yi aikin gida ba.

Goma da kwata farar motar aiki ta tsaya. Wata gajeriyar mace mai furfurar kitso ta sauko, ta ce sunanta Darlene Tsosie, ita ce shugabar su Fermin. Ta riƙe hannun Ofelia ta daɗe. Sannan ta fara shigo da kaya tana jerawa a falo. Hular aiki. Rigar aiki ruwan ɗorawa, guiwar hannunta ta ƙone. Takalmi. Jakar barci. Wata 'yar tukunya da gindinta ya yi baƙi. A ƙarshe kwali uku masu hoton malafa da gashin baki.

Don Eloy ya miƙe kamar an tsikare shi. "Gilbert, ɗauka! Ka ɗauka da kyau, hoton ya fito!" Ya matsa ya miƙa wa matar kati. "Ni ne Don Eloy."

"Na gane fuskar. Kullum ina ganinta."

"Ka ji ko? Rubuta. Malama, ki faɗa wa jarida da bakinki. Gaskiya ne ba ku yin rana ba ku buɗe leda ba?"

"Gaskiya ne."

"Kin taɓa ganin irinsa?"

"Ban taɓa ba. Mun gwada yashi, mun gwada dusar katako. Babu wanda ya kama ƙafarsa."

Murmushin Don Eloy bai sauka ba, sai dai ya tsaya inda yake. "Kama ƙafarsa wajen me?"

"Shan mai. Injinan yankan itacenmu yoyo suke yi, kullum garejin kaca-kaca. Ka barbaɗa leda biyu, ka bar shi ya sha, ka share. Siminti fes. Kuma tun da muka fara ajiye shi ɓeraye suka bar mana ɗakin."

Alƙalamin Gilbert yana tafiya.

"To ci fa?" in ji Don Eloy. Muryar ta yi siririya.

"Sau ɗaya. Shekara huɗu ke nan. Washegari mutum shida suka kasa hawa dutse, sai bin bayan itatuwa suke. Fermin ne ya roƙe mu kada mu gaya maka. Ya ce kai ka riƙe shi, ba ya son ranka ya ɓaci." Ta dubi Ofelia, ta dubi Don Eloy. "Na ɗauka yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Biyu a ƙarƙashin gadonsa suke, na ukun kuma 'yan sanda suka ciro daga motarsa suka ba mu, shi ya sa na haɗo da su."

Ta juya kwalin farko. A gefensa, da baƙin alƙalami mai kauri, da rubutun da Ofelia ta yi shekaru tana faɗa a kan karkatarsa: NA SHARE MAI. KADA A CI. Na biyu ma haka. Na ukun shi ne na ranar Talata, ba a ko buɗe shi ba. Tun a gida ya rubuta, kafin ya sa shi a mota. A ƙarƙashin manyan haruffan ya ƙara wasu ƙanana: Yi haƙuri, Nino.

"Gilbert," in ji Don Eloy, "wannan ba na jarida ba ne."

"Kai ka kira ni, Don Eloy."

Babban mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Ya gyara malafa, ya ɗaga ɗan yatsa. "Kun gani? Amfani biyu! Ku nuna mini wani wake a faɗin Amurka da zai ciyar da mutum, kuma ya..." Ya dubi fuskokinsu. Yatsan ya sauko a hankali ya shige aljihu.

Ofelia ta jawo takardar gabanta. Ta miƙa hannu, ya ba ta alƙalamin ba tare da ya san ya bayar ba. Ta cire murfin.

"Kompadre, ban ce maka a'a ba, ba zan kuma ce ba. Zan sa hannu. Sai dai shekara talatin da ɗaya ban taɓa sa hannu a kan amsar da ba daidai ba. A cire Abincinsa Na Ƙarshe. A sa abin da ya rubuta da hannunsa, a wurin, da jan rubutu, girmansu ɗaya. Gilbert shaida ne. In rubuta gyaran?"

Bakin alƙalamin yana bisa takardar. Don Eloy ya dubi alƙalamin, ya dubi kwalin, ya dubi littafin Gilbert. Ya zare takardar a hankali ya ninke ta huɗu.

"Kamfani zai sake nazari."

Kamfani ya ɗauki malafarsa ya tsallaka titi, karen yana biye.

Ofelia ta ce wa baƙinta tana zuwa. Ta shiga kicin ta buɗe famfo. Daga falo sun ji dariya, irin wadda ba ta yi ba tun Talata. Ta ɗan jima. Daga baya abin da suke ji ba dariya ba ne, sai Gilbert ya fita duba tayar motarsa, Darlene kuma ta zauna tana jira.

An raba kayan cikin mako guda. Hular ta koma sansani, abokan aikinsa suka rataye ta a gareji. Takalmin ya je wa mijin 'yar ƙanwarta, shi kaɗai ƙafarsa ta yi daidai. Jakar barci ta shiga akwatin sadaka na coci. 'Yar tukunyar tana kan murhun Ofelia. Rigar tana cikin aljihun tebur, ba a wanke ba. Darlene ta roƙi kwali biyu saboda nasu ya kusa ƙarewa, aka ba ta, bayan Ofelia ta yanke gefen ɗaya mai rubutu ta ajiye tare da rigar.

Na ukun kuwa da sunan mai shi a jiki. Ta ɗauka ta tsallaka titi da kanta ta ajiye a ƙofar rumfa.

Don Eloy ya yanke gefen kwalin ya kafa shi a bango, daidai saman kantar da yake jera ledojin sayarwa. Ya so ya datse manyan haruffan, amma almakashi ya ƙi tafiya a hannunsa, rubutun mamaci ne. Sai ya ɗauki leda guda ya rufe su da ita har da Yi haƙuri, ya manne da salatif, ya bar kalma ɗaya a fili: Nino. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, ya ce kalmar jarumi ta ƙarshe ke nan.

Rumfar ta kwano ce. Kullum wajen ƙarfe biyu, idan rufin ya ɗauki zafi, salatif ɗin yakan saki, ledar ta faɗo. Daidai lokacin ne jama'a suka fi cika rumfar. Ba saye suke zuwa yi ba.